Horo da yunwa: yadda Birtaniya ke yanke wa marasa aiki tallafi

Duk majalisar da aka tayar da hirar tafiya Turai, sai an samu mai rantsuwa cewa a Ingila mutum na kwance a ɗaki gwamnati na aiko masa da albashi. Wasu su yi sha'awa, wasu su yi tsaki su ce ai shi ya sa ƙasar ta cika da cima-zaune. To mai mafarkin zuwa ya kwashi rabonsa gara ya farka, domin yawancin masu shiga Birtaniya da bizar karatu ko ta aiki an rubuta musu ƙarara cewa ba su da haƙƙin taɓa tallafin gwamnati. Masu tsakin kuwa suna da abokai da yawa a can. Dubban 'yan ƙasar irin wannan kallon suke yi wa masu karɓar tallafi, kuma a kansa aka ɗora wani tsarin horo da ya kamata a san yadda yake.

Wanda ba shi da aiki a yau yana shiga tsarin da ake kira Universal Credit. A 2025 gwauro da ya kai shekara 25 yana samun kimanin fam 400 a wata na ci da sha, ban da abin da ake taimaka masa da shi na haya ko na yara. A ƙasar da wutar ɗumama ɗaki lokacin sanyi kaɗai kan cinye kaso mai tsoka na wannan kuɗi, ba wanda zai tara komai. Kafin a ba shi ko sisi sai ya sa hannu a yarjejeniya: zai riƙa zuwa ganawa da jami'insa a ofishin Jobcentre, zai shafe har sa'o'i 35 a mako yana neman aiki, zai kuma nuna shaida. Idan jami'in ya ga ya saɓa, sai ya kai rahotonsa, wani jami'in daban ya yanke hukunci a takarda, a tsayar da kuɗin cin nasa gaba ɗaya. Ƙaramin laifi, sai ya gyara a ƙara masa kwana 7 zuwa 28. Babba, kamar barin aiki ba dalili ko ƙin karɓar wanda aka samo masa, kwana 91, in ya maimaita 182. Dokar 2012, lokacin Iain Duncan Smith na ministan ayyuka da fansho, har shekara uku ta yarda a yanke wa mutum, sai a 2019 aka soke wannan.

A nan ne mutane ke ruɗewa, kuma ruɗun ya fi komai ba ni haushi. Da an ce an yanke wa wani tallafi, sai a ɗauka an kama shi da zamba ne, yana aiki a ɓoye ko ya ƙirƙiro 'ya'yan da bai haifa ba. Mai zamba hanyarsa daban: a bincike shi, a ƙwato kuɗin, in abin ya yi girma a kai shi kotu. Wanda ake yanke wa tallafi ba wanda ya zarge shi da ƙarya. Alƙaluman ma'aikatar ayyuka da fansho kanta sun nuna cewa fiye da tara cikin goma na irin wannan horo a ƙarƙashin Universal Credit, dalilinsu guda ne, wato rashin halartar ganawa. Mutum ya makara, ko bai ga saƙon ba, ko ciwo ya kwantar da shi bai iya gamsar da jami'i cewa uzurinsa karɓaɓɓe ne ba.

Ita ma zambar, jama'a sun kambama ta fiye da kima. A 2013 kamfanin Ipsos MORI ya tambayi 'yan Birtaniya nawa suke jin ana sacewa cikin kowace fam 100 ta tallafi. Amsarsu ta tsaya a fam 24. Ƙiyasin hukuma a lokacin kuwa bai cika fam ɗaya ba, fensi 70 ne. Gaskiya ne zamba ta ƙaru sosai lokacin korona da aka sassauta tantancewa, amma tsauraran dokokin 2012 an yi su ne tun adadin na ƙasa.

Kuma an yi amfani da su ba ƙaƙƙautawa. Ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya gano a 2016 cewa tsakanin 2010 da 2015, kusan ɗaya cikin huɗu na masu karɓar tallafin neman aiki an taɓa yanke musu. Dakta David Webster na Jami'ar Glasgow, wanda ya daɗe yana bin diddigin lamarin, ya lissafa cewa a 2013 yawan wannan horo ya haura miliyan ɗaya, ya zarce yawan tarar da ƙananan kotunan ƙasar suka ci mutane a shekarar. A lura da bambancin. Wanda ya yi tuƙi a buge za a tsayar da shi gaban alƙali, a ji ta bakinsa, a dubi samunsa kafin a yanka masa tara. Wanda ya kuskure ganawa kuwa ana tsayar da kuɗinsa tukuna, ƙorafi ya biyo baya. Sai ya fara roƙon ma'aikatar da ta hukunta shi ta sake dubawa kafin ya isa kotun sauraron ƙararraki. Ko ya yi nasara bayan watanni, yunwar ya riga ya sha ta. Akwai ɗan agajin gaggawa na kusan kashi 60 na abin da aka yanke, sai dai a Universal Credit bashi ne, za a zare daga kuɗinsa na gaba.

Hujjar hukuma ita ce tsoro zai zaburar da malalaci. Ka ɗauki mai babur da yaronsa ya makara kawo balas rana ɗaya. Don ya koya masa hankali sai ya ƙwace makullin na wata guda, sannan ƙarshen wata ya tsare shi da tambayar ina kuɗi. Neman aiki a Birtaniya ta intanet ake yi, sai da waya mai kati, sai da kuɗin bas zuwa intabiyu, sai da wutar guga da ruwan wanka. Duk daga cikin fam 400 ɗin nan suke fita. Wanda aka tsayar wa ita, ranarsa za ta ƙare ne a layin rumbun abincin sadaka, kuma masu bincike a Jami'ar Oxford sun nuna cewa inda horon ya ƙaru, masu zuwa rumbunan ƙungiyar Trussell Trust ma ƙaruwa suke yi. A Yulin 2013 an tsinci gawar wani tsohon soja mai ciwon suga a garin Stevenage, makonni kaɗan bayan an yanke masa. Wutar gidansa ta ƙare, firjin da yake ajiye allurarsa ya mutu, asusunsa na banki saura fam 3.44, ga takardun neman aiki a kusa da shi.

Shin aƙalla tsarin na kai mutane ga aiki? Ma'aikatar ta gudanar da nata binciken, ta rufe shi a durowa, sai da hukumar kare haƙƙin samun bayanai ta tilasta mata kafin ta fitar da shi a Afrilun 2023. Abin da ke ciki: waɗanda aka yanke wa sun fi jinkirin shiga aiki mai albashi, in sun shiga kuma samunsu bai kai na sauran ba. Binciken shekara biyar da Jami'ar York ta jagoranta, wanda aka kammala a 2018, kusan abin da ya gano ke nan. Akwai nazarce-nazarce daga wasu ƙasashen Turai da suka nuna horo kan sa mutum ya yi saurin karɓar aiki, amma yawanci aikin da ba ya ɗorewa. Ma'aikatar da ta ɓoye sakamakon da bai yi mata daɗi ba, da wuya a yarda cewa sakamako take bi.

Ni a ganina ƙuri'a take bi. Raba talakawa gida biyu, na kirki da malalata, tsohuwar ɗabi'a ce a Ingila. Dokar matalauta ta 1834 da gangan ta sa rayuwa a gidajen aikin dole ta fi ta leburan da ya fi kowa talauci muni, don kada kowa ya yi marmarin shiga. A Oktoban 2012 ministan kuɗi George Osborne ya tsaya a taron jam'iyyarsa a Birmingham yana kwatanta ma'aikacin da ke fita da duku-duku, ya ɗaga kai ya ga labulen maƙwabcinsa a sauke, yana sharar barci da kuɗin tallafi. A 2014 tashar Channel 4 ta yi shirin Benefits Street a kan wani layi na wannan birni, miliyoyi suka kalla suna Allah wadai. Ba a cika faɗa wa masu kallo cewa kaso mafi girma na kuɗin walwala fanshon tsofaffi yake tafiya ba, ko cewa wajen ɗaya cikin uku na masu Universal Credit suna da aiki, albashin ne bai isa ba. Mai labule a sauke wataƙila daga aikin dare ya dawo.

Sai ga korona. Cikin watanni masu karɓar tallafin suka tashi daga kimanin miliyan 3 zuwa kusan 6, har da mutanen da ba su taɓa tunanin taka ƙofar Jobcentre ba. Nan take aka dakatar da horon na wata uku, aka ƙara fam 20 a mako. Da ƙura ta lafa aka janye ƙarin a Oktoban 2021, horo ya dawo da ƙarfinsa.

Jamus ma ta bi irin wannan hanya da tsarin Hartz IV da ta ƙaddamar a 2005. A ranar 5 ga Nuwamban 2019 kotun tsarin mulkinta da ke Karlsruhe ta ce gwamnati na da ikon gindaya sharaɗi, har ta rage kashi 30, amma yanke kashi 60 ko duka a yadda dokar ta tsara ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam da kundin ƙasar ya kare. Birtaniya ba ta da kotun da za ta soke dokar majalisa ta wannan fuska, don haka a can har yau ganawa ɗaya da aka kuskure tana iya tsayar da kuɗin cin mutum baki ɗaya.