Gida Mai Hawa Shida a Kan Filin Ɗaki Guda

A shekarar 1966, wani mai zanen gine-gine ɗan Japan, Takamitsu Azuma, ya sami wani guntun fili mai kusurwa uku a tsakiyar birnin Tokyo, faɗinsa murabba'in mita 20 kacal, wato kamar ɗaki guda mai mita huɗu da biyar. A kan wannan fili ya gina gidan kankare mai hawa shida, kowane hawa ɗaki ɗaya, matakala tana haɗa su, babu ƙofa a tsakaninsu. Nan ya zauna da matarsa da 'yarsa. Ya gwammace ya takura a cikin gari, kusa da wurin aikinsa, da ya sami yalwa a bayan gari ya riƙa ɓata sa'o'i a jirgin ƙasa kullum.

Abin da Azuma ya yi ba baƙon abu ba ne a Tokyo ta yau. Birnin da kewayensa na ɗauke da mutane kusan miliyan 37, kuma ƙasa ta yi tsadar da ko taku ɗaya ba a wasa da shi. Ga kuma harajin gado, wanda kan kai kashi 55 cikin ɗari a kan dukiya mai yawa. Idan maigida ya rasu, sau da yawa magada sai sun yanki wani ɓangare na filin sun sayar kafin su iya biyan gwamnati. Haka filaye suke ta raguwa daga kaka zuwa jika. Buɗe sababbin tituna ma yakan bar guntaye a gefen hanya, ko siririn fili tsakanin benaye biyu. Masu zanen gine-gine na kamfanin Atelier Bow-Wow sun taɓa bin unguwannin birnin suna auna irin waɗannan ƙananan gine-gine, har suka fitar da littafi a kansu a farkon shekarun 2000.

Yaya ake rayuwa a fili irin wannan ba tare da numfashi ya sarƙe ba? Dabara ta farko ita ce a nufi sama, tunda gefe ya toshe. Ta biyu kuma a rage bango: maimakon a kasa gidan ɗaki-ɗaki, sai a ɗaga daɓen wani sashe sama da na wani, bambancin tsayin ya zama shi ne iyaka tsakanin falo da kicin. Ta uku haske da iska: tunda maƙwabta sun tare gefe biyu, akan buɗe taga a rufi, a yi matakala mai ratsi wadda haske zai bi ta cikinta ya sauka har ƙasa. Ƙarƙashin matakala da ƙarƙashin daɓe kuwa duk ma'ajiyar kaya ne. Akwai wani gida a unguwar Toshima da kamfanin YUUA ya zana, faɗinsa daga ciki mita 1.8 ne kawai, amma yana da wurin kwana, da kicin, da banɗaki, da wurin karatu.

Sai dai ba basirar magina kaɗai ta sa abin ya yiwu ba. Doka ce ƙashin bayansa. Mutanen Tokyo ba su manta da girgizar ƙasar 1923 ba, wadda ita da gobarar da ta biyo bayanta suka halaka mutane fiye da dubu ɗari, galibi a unguwanni masu cunkoson gidajen katako. Dokar gine-gine ta 1950 ta ce dole kowane fili ya fuskanci hanya mai faɗin mita huɗu, kuma bakinsa ya kai aƙalla mita biyu, domin motar kwana-kwana ta sami shiga. Inda lungu bai kai haka ba, duk wanda zai sake gini sai ya ja da baya ya bar wa hanya rabonta. Akwai kuma ƙa'idar da ke hana bene tare wa maƙwabci rana, shi ya sa za ka ga saman gidaje da yawa a karkace. A 1981 aka ƙara tsaurara ƙa'idar jure girgizar ƙasa. Ke nan ƙanƙantar fili ba ta zama hujjar yin gini yadda aka ga dama ba.

Ta fuskar kare muhalli, amfanin a fili yake. Ƙaramin gida ba ya cin siminti da ƙarfe da yawa, kuma sanyaya shi ko ɗumama shi ba ya jan wuta sosai. Mafi muhimmanci, yana cike gurbin da ke zaune a banza a inda riga akwai titi, da ruwan famfo, da tashar jirgi, maimakon a cinye gonaki a bayan gari. Daga watan Afrilun 2025 ma, hukumar birnin ta wajabta wa manyan kamfanonin gina gidaje sanya faifan sola a kan sababbin gidajen da suke ginawa.

Duk da haka, akwai inda gizo ke saƙa. Gidajen Japan ba su cika daɗewa ba. Da yawa akan rushe su bayan shekara talatin ko makamancin haka, kuma gidan da za a rushe da wuri ɓarna ne komai ƙanƙantarsa. Benen Nakagin da mai zane Kisho Kurokawa ya gina a 1972, mai ɗakuna 140 da aka tsara za a riƙa cire su ana sauyawa, ba a taɓa sauya ko ɗaya ba, har aka rushe shi a 2022. Matakala kuma azaba ce ga tsofaffi da naƙasassu. Sannan akwai bambanci tsakanin ƙaramin gida da matsi. A Hong Kong mutane fiye da dubu ɗari biyu na zaune a ɗakunan da masu gidajen haya suka yayyanka da allon katako, wasu babu ko taga. Wannan talauci ne, ba dabara ba.

Mu ma nan batun ya shafe mu. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya ya san yadda rabon gado ke mai da babban gida guntu-guntu, ya san kangayen da suka koma juji saboda magada na ganin rabonsu bai isa gini ba. Irin waɗannan filaye za su iya zama muhalli ga sabon ango ko ƙaramin ma'aikaci, in aka nemi mai zane da ya san aikinsa, wanda zai kula da zafinmu da kuma sirrin iyali. Amma sharaɗin da Tokyo ta gindaya shi ne namu: kada a toshe lungu, kada a hau kan magudanar ruwa, kada a hana maƙwabci iska. Kafin a sayi bulo ko ɗaya, a fara kai zanen wurin hukumar tsara birane, ita kuma hukumar ta tanadi ƙa'ida ta musamman domin ƙananan filaye.