Yadda za ka ɗauki hoton suda da tsada da wayarka ba tare da ka shiga daji ba

A watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ni aikina rubuta manhaja ne, don haka ranar da sabis ya ɗauke, ranar aikina ya tsaya. Wayata ta koma agogo da tocila da kyamara. A wannan zaman banzan ne, a gindin darbejiyar bayan gidanmu a Ƙanƙara, na fara lura da wata tsuntsuwa da ke fito kullum da safe daga cikin shingen lalle. Wani dattijon maƙwabcinmu ya ce mini suda ce. Tun ina yaro nake jin ana kiran mai yawan surutu suda, amma ban taɓa sanin kamanninta ba.

Sai da na yi kusan mako uku kafin na samu hoton da za a gane tsuntsu ne. A wannan maƙala zan kawo abin da na koya tun daga lokacin, domin mai karatu ya rage wa kansa wahala. Babu abin da zan ambata da ƙaramar wayar Tecno, Infinix, Redmi ko Samsung ba za ta iya ba.

Me ya sa tsuntsun ke fitowa kamar ɗigo?

Babbar kyamarar yawancin wayoyi an yi ta ne don ta kwaso fili mai faɗi, irin hoton biki ko na 'yan ajinku. Idan ka tsaya nesan mita 5, faɗin abin da take gani ya haura mita 6. Hoton megafiksel 12 kuma faɗinsa fiksel 4,000 ne. Tsada ko baiwar Allah, wato ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida tsintar gero, tsawonsa bai wuce santimita 10 ba. Idan ka yi lissafi, za ka ga tsuntsun gaba ɗayansa fiksel 60 kacal ya ci a cikin 4,000. Shi ya sa kake ganin ɗigo.

Zuƙowa da yatsu biyu ba ta gyara wannan. Idan wayarka ba ta da gilashin zuƙowa na musamman, abin da take yi shi ne ta yanko tsakiyar hoton ta buɗa shi, sai manhajar kyamara ta cike gurbin da hasashe. Fiksel 60 ɗin nan dai su ne, an dai kumbura su. Ko Galaxy S23 Ultra, mai gilashin da ke zuƙowa sau 10, tsayin ganinsa daidai yake da milimita 230, alhali ƙwararrun masu ɗaukar tsuntsaye kan yi aiki da gilashi mai milimita 400 zuwa 600.

Amma lissafin nan yana da ɗaya fuskar. Idan wayar na nesan rabin mita da tsuntsun, fiksel 60 sun zama 600, kuma a nan har ƙwayar idonsa za ka gani. Saboda haka aikin duka ya koma kan tambaya ɗaya: ta yaya waya za ta kusanci tsuntsun da ba ya yarda mutum ya matso?

Kasko, ruwa da dogon haƙuri

Hanyar da ta fi yi mini aiki ba ta cin ko sisi. Samu kasko marar zurfi, ka zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba, ka ajiye shi a inuwa kusa da shinge ko dangar kara, inda tsuntsu zai iya faɗawa ya ɓuya idan ya tsorata. Kafa ɗan busasshen reshe a gefen kaskon, domin ƙananan tsuntsaye sun fi son su fara sauka a reshe su dudduba kafin su sha. A kan reshen nan za ka samu hoto mafi kyau. Ka riƙa sauya ruwan kullum, ka bar su kwana uku ko huɗu su saba kafin ka kawo waya. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya yi wuya, kaskon ba ya rabuwa da baƙi.

Ranar ɗauka, jingina wayar da dutse ko bulo nesan rabin mita zuwa mita ɗaya da reshen, rana tana bayan wayar. Taɓa reshen a fuskar wayar ka danne har ta kulle saitin gani da na haske, don kada ta koma kan ganyen baya. Rufe jikin wayar da tsumma mai launin ƙasa, ka bar idon kyamara kawai. Kashe ƙarar kira, sannan ka ja da baya.

Daga nesa kana da zaɓi biyu. Na farko, ɗan madannin Bluetooth ɗin nan da ke zuwa tare da sandar ɗaukar hoton kai. Yana aiki har nesan mita da yawa. Na biyu, wanda na fi so, ka kunna bidiyo ka bar shi yana tafiya, daga baya ka ciro hoton daga ciki. Kowane firam na bidiyon 4K ya kai megafiksel 8, na 1080p kuma megafiksel 2 ne, wanda ya isa a gane tsuntsu kuma ya isa sakawa a Facebook. Ka dai lura bidiyo na cin wuri da caji, kuma waya na zafi, shi ya sa inuwa ta zama dole.

Saitin da ya kamata ka taɓa

Ƙaramin tsuntsu ba ya tsayawa cik. Ko yana zaune, kansa na juyawa, jelarsa na rawa. Shiga sashen Pro na kyamararka, ka nemi alamar S, wato saurin ƙiftawar kyamara, ka sa ta a 1/500, ko 1/1000 idan rana ta fito sosai. Idan hoton ya yi duhu, ɗaga ISO kaɗan-kaɗan. A ƙananan wayoyi da zarar ka haura 400 hoto kan fara yin yashi-yashi. Idan wayarka na da zaɓin 50MP ko 64MP, kunna shi da rana, domin zai ba ka damar yanko hoton daga baya. Wanda kyamararsa ba ta da sashen Pro ya gwada manhajar Open Camera, kyauta ce a Play Store, sai dai wasu saitukanta ba sa buɗewa idan kamfanin wayar bai ba da dama ba.

Kashe duk wani saitin ƙawata hoto da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira. A matsayina na mai rubuta manhaja na san abin da irin waɗannan ke yi: suna goge abin da suka ɗauka datti ne, su zana abin da suke zaton ya kamata ya kasance. A fuskar mutum ba laifi. A jikin tsuntsu kuwa, siririn layin da suka goge a gira ko a fiffike shi ne zai bambanta wani jinsi da wani.

Lokaci mafi kyau shi ne awa biyun farko bayan fitowar rana, sai kuma bayan la'asar. Da hunturu ƙura kan disashe launi, amma a kusa-kusa ba ta da wani tasiri.

Idan kana da madubin hangen nesa mai ido biyu, akwai wata dabarar. Ɗora idon kyamara a kan ɗaya daga cikin idanunsa, ka ɗaure da roba. Mai ƙarfin 8 zai mayar da fiksel 60 ɗin nan kusan 480 daga nesan mita 5. Amma wannan a cikin gida kawai nake ba da shawarar a yi shi, kuma zan faɗi dalili.

Kunne kafin ido

Suda ba ta cika zuwa kasko a fili kamar tsada ba. Tana bin ƙarƙashin shinge ne tana farautar fara da ƙwari. Na same ta ne bayan na gane cewa kusan kullum daga reshe ɗaya take fara kukanta na safe. Can na kai wayar tun da asuba. Hoton ya nuna baƙin kai, farar gira, da fiffike ja-ja kamar ƙasar jangargari. Ka ba kunnenka kwana biyu yana aiki kafin ka ɗauko waya: daga ina kukan ke fitowa, da ƙarfe nawa, a wane reshe.

Manhajoji biyu za su taimaka wajen gane abin da ka ɗauka. Merlin Bird ID ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka tana gane tsuntsu daga hoto, kuma idan ka sauke kundin yankinmu tana aiki ko babu data. BirdNET kuma daga kuka take ganewa. Dukansu sun fi ƙwarewa a kan tsuntsayen Turai da Amurka, don haka ɗauki amsarsu a matsayin shawara. Haɗa da tambayar dattawa da mafarauta sunan Hausa, ka rubuta, ka kuma sani sunayen kan bambanta daga gari zuwa gari.

Wata garaɓasa ita ce, daga wajen Satumba zuwa Afrilu wasu ƙananan tsuntsaye masu launin toka-toka kan ƙetaro Sahara daga Turai su yi rani a wajenmu. Wasunsu nauyinsu bai kai giram 10 ba. Mai yiwuwa wanda ka raina a kan magaryar gidanku ya fi ka yawon duniya.

Inda ba za ka je ba

Duk bidiyon koyarwa da za ka kalla a YouTube zai ce ka shiga daji da sassafe. Wannan shawara ba da mu take ba. Dajin Rugu, da dazuzzukan da suka haɗa Faskari da Zamfara, da waɗanda suka haɗa Sabuwa da Birnin Gwari, kowa ya san su wa ke ciki. Mutanen Ƙanƙara ba su manta daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Babu hoton da ya kai ranka ko kuɗin fansar da iyayenka za su nema.

Haɗarin kuma ba daga ɓangare ɗaya yake ba. Saurayin da ya laɓe a bayan gari da waya da madubin hangen nesa, wanda ya hango shi ba tsuntsu zai fara kawowa a ransa ba, infoma zai zata. Ni kaina an taɓa tsare ni a bakin wata fadama ana tambayata wa ya aiko ni. Abin da ya cece ni shi ne hotunan tsuntsaye da suka cika wayar, da wani mai lambu da ya san mahaifina. Tun daga ranar ba na wuce gidaje da lambunan cikin gari, ba na zuwa ni kaɗai, kuma sai na gaya wa mai wurin abin da ya kawo ni. Kada ka juya kyamara wajen shingen jami'an tsaro ko gidan mutane.

Akwai kuma abin da ke ɓoye cikin hoton kansa. Idan alamar wuri na kunne a saitin kyamara, kowane hoto na ɗauke da ainihin inda aka ɗauke shi. Tura shi a WhatsApp a matsayin hoto kan goge wannan bayani, amma idan ka tura shi a matsayin fayil, da bayanin yake tafiya. Kashe alamar kafin ka fara. Haka nan idan ka gano sheƙa, kada ka taɓa, kada ka sare ganyen da ya rufe ta don hoto ya fito, kada kuma ka nuna wa yara masu danƙo. Kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa a sifika don ya fito yana sa shi barin ƙwai ko 'ya'yansa ya zo faɗa, musamman da damina, don haka a guje shi.

Hotonka na iya zama hujja

Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa kai kuma suna rubuta tsuntsayen da suka gani ta manhajar BirdLasser. Yankin da baƙo ke tsoron shiga, mazauninsa ne kaɗai zai iya cike gidansa, kuma tsakar gidanku ma a cikin wani gida na taswirar take. Kafin ka aika wani bayani, duba abin da manhajar za ta nuna wa jama'a game da wurin.

Gobe da safe fara da kasko da reshe. Idan ka samu hoton farko, ko da bai fita tas ba, rubuta rana da lokaci da sunan da mutanen garinku ke kiran tsuntsun, ka ajiye su tare da hoton.