Dutsen Ado da Danƙararren Ulu a Cikin Ɗinki Mai Tudu



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayani a kan wani nau'i na ɗinkin ado wanda ido ke gani, hannu kuma ya shafa ya ji, watau ɗinki mai tudu. Wanda muka fi sabawa da shi, irin su aska biyu da aska takwas na babbar riga, kwance yake a jikin yadi. Shi kuwa mai tudu tasowa yake yi, domin akan ɗora masa duwatsun ado, ko a shimfiɗa masa danƙararren ulu. Abin da nake so mu fahimta shi ne, ingancin irin wannan aiki yakan tabbata tun kafin a ɗauki allura. A bakin wuta ake yanke wa dutse hukunci, a cikin ruwa ake yanke wa ulu. Maɗinkin da bai san yadda aka yi kayan aikinsa ba, lalle wankin farko zai tona masa asiri.

Yadda Ake Yin Dutsen Ado

Mu Hausawa mun san murjani da tsakiya da jigida, amma da yawa daga cikinmu sun ɗauka duk dutsen gilashi daga Turai ya zo. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna ba haka ba ne. A Igbo Olokun da ke Ile-Ife an tono duwatsun gilashi fiye da 10,000 tare da tukwanen narkarwa, kuma awon da aka yi musu ya tabbatar da cewa a nan aka haɗa gilashin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara a Afirka ta Yamma. Ta farko ita ce ta naɗi, wadda Masaga na birnin Bida suka gada. A da su da kansu suke haɗa gilashinsu da yashi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe. Mai aiki yakan zauna a bakin murhun yumɓu ana yi masa zuga, ya ɗebo narkakken gilashi, ya naɗa shi a jikin siririn ƙarfe yana juyawa har ya daidaita. Gurbin ƙarfen shi ne zai zama hujin dutsen. Gilashi mai zafi ba ya son sanyi farat ɗaya, tsagewa yake yi, don haka sai a bar shi ya huce sannu a hankali. S. F. Nadel ya yi bayanin wannan sana'a a littafinsa na 1942 a kan Nufawa, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu.

Hanya ta biyu ita ce ta gari, wadda mutanen Krobo na ƙasar Gana suka ƙware a kanta. Sukan daka kwalba ta yi laushi, su tankaɗe, sa'an nan su zuba garin a mazubin yumɓu mai ƙananan ramuka. A tsakiyar kowane rami sukan kafa tsinken ganyen rogo. In an sa mazubin a tanderu, wanda akan gina da ƙasar suri saboda jure zafi, sai garin ya haɗe ya zama dutse, tsinken kuwa ya ƙone ya bar huji. Bayan ya huce akan goga shi a kan dutse da yashi da ruwa. Fataken Hausawa sun daɗe cikin cinikin duwatsun ado a kasuwannin Gana, saboda haka wannan kaya ba baƙo ba ne a wurinmu.

Wannan gugar ta ƙarshe ita ce ta fi shafar maɗinki. Bakin hujin da ba a goge ba kaifi gare shi, yana cin zare a hankali har ranar da dutsen zai faɗi. Kafin a sayi dutse, sai a zura masa zare a ja gaba da baya. In zaren ya tashi gashi, to, dutsen bai gama zama kayan ɗinki ba.

Yadda Ake Danƙare Ulu

Danƙararren ulu tufa ne da ba kaɗi ba saƙa. Sirrinsa yana cikin gashin tunkiya. In aka duba silin ulu da madubi mai ƙara girman abu, za a ga jikinsa yana da ƙananan ɓawo masu hawa juna kamar na kifi. Ruwan ɗumi da sabulu da murza sukan sa silin ya kutsa cikin 'yan'uwansa, ɓawon kuma ya hana shi komawa baya. Da haka ake sarƙewa, kuma sarƙewar ba ta warwaruwa.

Mai aiki yakan shimfiɗa ulun da aka tsefe falle-falle, na farko a tsaye, na biyu a gicciye, har hawa uku ko huɗu. Sai ya yayyafa ruwan sabulu, ya danna a hankali, sa'an nan ya naɗe cikin tabarma yana mirginawa. Ulun yakan tsuke ƙwarai, sau da yawa da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wanda ke son ƙananan ƙwallaye a madadin dutse, sai ya mulmula ulun tsakanin tafukansa har ya yi tauri. Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar ruwa, watau a yi ta soka ulu da allura mai ƙayoyi har ya cure.

Asalin gwanayen wannan sana'a makiyayan tsakiyar Asiya ne. A kaburburan Pazyryk da ke duwatsun Altai an sami wani babban labulen danƙararren ulu mai siffofin mahaya doki, wanda ya haura shekara 2,000, yana ajiye a gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Mutanen Kirgistan kuwa suna yin shimfiɗun da suke kira shirdak, kuma a 2012 UNESCO ta sa wannan sana'a tasu cikin waɗanda ke bukatar ceton gaggawa.

To, me ya sa ba mu gaji wannan aiki ba? Dalili shi ne tumakinmu, irin su uda da balami da 'yankasa, gajeren gashi gare su mai kauri, wanda ba ya sarƙewa da kyau. Amma kayan ya iso mu ta hanyar fatauci. Jar dara ta Arewacin Afirka ulu ce da aka danƙare. Har wa yau, kalmar lifidi ta samo tushe daga kalmar Larabci libd, wadda ke nufin danƙararren ulu, ko da yake namu lifidin yadi ne da aka cusa wa auduga aka ɗinke. Mun karɓi sunan, muka yi aikin da abin da ƙasarmu ta ba mu.

Haɗa Su a Jikin Yadi

Maɗinkan Ingila sun yi suna wajen ɗinki mai tudu a ƙarni na 17, kuma masu aikin zaren zinariya har yanzu suna bin wata ƙa'ida mai sauƙi. Akan yanka ulu hawa-hawa, a fara ɗinka mafi ƙanƙanta, a rufe shi da wanda ya ɗara shi, har na ƙarshe ya lulluɓe duka. Ta haka tudun zai tashi sumul ba tare da matakala ba. Ana iya rufe shi da zare, ko a bar launinsa a fili a kewaye shi da duwatsu.

Akwai sharuɗɗa huɗu da ya kamata a kiyaye. Na farko, kada a ɗinka ulun da bai gama tsukewa ba, domin zai ƙarasa tsukewarsa a wurin wanki, ya tattare yadin. Na biyu, a jiƙa shi a goga a farin ƙyalle don a ga ko rininsa yana zuba. Na uku, a ninka zare biyu a shafe shi da kakin zuma, a bi ta hujin dutse sau biyu, a kuma ƙulla ta baya bayan kowane dutse uku ko huɗu, yadda in zare ya tsinke ba duka za su zube ba. Na huɗu, gilashi nauyi gare shi, saboda haka yadi marar kauri yana bukatar shafi.

Sai kuma a yi la'akari da inda kayan za su. Rigar da ake kai wa mabuga ba ta dace da wannan ado ba, don bugu zai farfasa dutsen, ya kwantar da tudun. Hula da jaka da matashi da kayan doki da adon bango su ne muhallinsa.

Kammalawa

Duwatsun roba na inji sun cika kasuwanninmu, ga araha ga sauƙin samu. Ba laifi ba ne a yi amfani da su. Haɗarin shi ne, in aka daina sayen na hannu, mai yin sa zai tura ɗansa wata sana'a, kuma sanin zafin wuta da ido ba a littafi yake ba, a hannun mutum yake. Ranar da na ƙarshe ya tafi, ilmin ya tafi, kalmomin sana'ar ma su bi shi.

Saboda haka ina kira ga ɗalibai masu neman abin da za su yi nazari a kansa, su je su zauna da masu waɗannan sana'o'i, su rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane mataki yadda masu shi ke faɗa. Ku kuma ma'aikata, musamman masu tsara cibiyoyin koyon sana'a da masu sayen kyaututtukan da hukuma kan ba baƙi, ku riƙa tambaya wa ya yi wannan kaya, kuma a ina aka yi shi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.