Idan Hoton Huhu Bai Ba Da Amsa Ba

Gudan jini yakan daskare a cikin jijiyoyin ƙafa, sannan ya ɓalle, ya bi ta zuciya ya toshe jijiyar huhu. Tun a ƙarni na 19 masanin Jamus Rudolf Virchow ya bayyana wannan tafiya ta gudan jini. Haɗarin ya fi yawa ga mai jego, da wanda aka yi wa fiɗa, da wanda ya daɗe zaune wuri guda, kamar falken da ya ɗauko shanu daga kasuwar Mai'aduwa a masarautar Daura zuwa Legas. Alamominsa su ne haki na farat ɗaya, da ciwon ƙirji, da saurin bugun zuciya.

Ɗaya daga cikin hanyoyin gano cutar ita ce ɗaukar hoton huhu iri biyu: ɗaya na nuna inda iska ke shiga, ɗaya kuma inda jini ke kaiwa. Idan iska na isa wani sashe amma jini ba ya isa, akwai alamar toshewa. Sai dai hoton ba kullum yake yanke hukunci ba. Binciken PIOPED da aka buga a Amurka a 1990 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na majinyata hotonsu bai tabbatar da cutar ba, bai kuma kore ta ba. Cikin waɗanda hotonsu ya faɗa tsaka-tsaki, kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da gudan jinin.

Saboda haka likita yana tsaka mai wuya. In ya sallami majinyaci, wani gudan na iya tasowa ya kashe shi. In kuma ya ba shi maganin tsinka jini, irin su hefarin da wafarin, ba tare da dalili ba, zai jefa shi cikin haɗarin zubar jini.

Mafita ita ce a haɗa hoton da wasu shaidu. Da farko likita zai auna ƙarfin zatonsa daga tarihin majinyaci da alamominsa. Sai a duba jijiyoyin ƙafa da na'urar duban dan-tayi; in an ga gudan jini a can, a fara magani. In ba a gani ba, a maimaita. A 1998 Philip Wells da abokan aikinsa a Kanada sun nuna cewa idan zato ba mai ƙarfi ba ne, kuma maimaita dubawa cikin makonni biyu bai nuna komai ba, ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne cutar ta bayyana gare shi a watanni uku. Idan kuwa zato mai ƙarfi ne, akan fara magani nan take, a nemi hoton siti sikan na jijiyoyin huhu, wanda a yau shi aka fi dogara da shi.

Ga majinyacin Daura, wannan na iya nufin tura shi manyan asibitocin Katsina ko Kano. Bai kamata dangi su ɗauki kalmar "ba a ga komai sosai ba" a matsayin sallama ba. Komawa asibiti ranar da likita ya sa, ita ce ke cika binciken.