Ɗigon Ruwa a Gindin Sandar Juya Jirgi

Duk wanda ya ƙera jirgin ruwa, babban muradinsa shi ne ya raba tsakanin teku da cikin jirgin, amma larura takan tilasta masa ya huda gindinsa da hannunsa, domin allon da ake juya jirgi da shi yana nutse a ruwa ta baya, matuƙi kuwa yana sama a busasshen wuri, kuma ba yadda ikon hannunsa zai kai ga allon nan sai ta wata sandar ƙarfe da za ta ratsa jikin jirgin. To, wannan kafa da sandar ke bi, wadda dole ta bar ƙarfe ya juya dama da hagu alhali tana hana ruwa wucewa, ita ce ke hana masu jiragen da ke tafiya da iska barci, daga gaɓar Ikko har zuwa Bahar Rum.

Jiragen da suka riƙa ƙetarar da alhazanmu na da daga Sawakin zuwa Jidda ba su san wannan matsala ba, saboda allonsu a waje yake rataye a bayan jirgi, ba ya bukatar huda a ƙasa. Da maƙera jirage suka ga cewa allon da aka tura can ƙarƙashin jirgi ya fi kama ruwa, kuma ba ya fitowa sarari in igiyar ruwa ta ɗaga baya, sai suka zaɓi wannan fa'ida, suka ɗauki wahalar da ke tare da ita.

Ga yadda abin yake. Sandar tana shigowa ta cikin wani bututu da aka kafa a gindin jirgi. Idan bakin bututun ya zarce iyakar da ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, ruwa zai hau cikinsa ya tsaya, ba zai zubo ba. Idan kuwa gajere ne, kamar yadda yake a jirage da yawa masu sitiyari, inda ake bukatar fili don kayan tuƙi, sai a ɗaura masa wani ƙoƙo na tagulla mai noti biyu, a cusa masa fakin, wato igiya mai kusurwa huɗu da aka kitsa da zaren kittani aka jiƙa da kitse ko kaki. In an ɗaure babban notin, sai igiyar ta matsu ta rungumi sandar, ƙaramin notin kuma ya danne babban don kada ya kwance. Wanda ya taɓa kwance kan famfon gida irin na da, ya ga zaren da ke naɗe a wuyansa, ya riga ya ga asalin hikimar. Wasu jiragen zamani zoben roba mai leɓe suke amfani da shi, wasu kuma wata rigar roba da ake ɗaure ta sama da ƙasa da kilif.

Mai jirgi yakan raina ɗigo, ni kuwa ina ganin bai kamata ba. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana tara kusan lita 4 a kwana, kuma jirgin da aka bari a tasha wata biyu, batirin famfon da ke fitar da ruwa daga cikinsa ya mutu, ana iya tarar da ruwa ya taɓa wayoyi da inji. Abin da ya fi ruɗarwa shi ne cewa a wasu jirage wurin kan bushe ƙayau muddin jirgi yana tsaye, sai an saki zanen iska ya ɗauki gudu, baya ya zauna cikin ruwa, ko an loda kaya da mutane a baya, sannan ruwa ya hau ya sami bakin bututun, har mutum ya yi ta bincike a tasha bai ga kome ba.

Saboda haka farkon aiki shi ne tabbatar da inda ruwan ke fitowa, kafin a taɓa sifana. Matuƙan teku sukan ɗanɗana ruwan da ya taru: in da gishiri, daga ƙasa yake, in babu, ruwan sama ne ya biyo sandar daga bisa. Sai a share wurin tas, a barbaɗa hoda ko a naɗa busasshiyar takarda a wuyan ƙoƙon da kuma gindin bututun, a fita da jirgi, wani ya kwanta a can ƙuryar baya da tocila yana kallo. Idan sawun ruwan daga ƙarƙashin noti ya sauko, fakin ne, kuma sha'anin da sauƙi. Idan kuwa daga inda bututu ya haɗu da jikin jirgi yake tsattsafowa, to tsaga ce, babu ɗaurin da zai yi maganinta, sai an fitar da jirgi kan tudu.

In fakin ne, a fara da abu mafi sauƙi. A kama da sifana biyu, ɗaya tana riƙe babban noti ɗaya tana kwance ƙaramin, domin kada a murɗa bututun kansa, sannan a ƙara wa babban ɗauri kaɗan, kamar rubu'in juyi, a gwada sitiyari. A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, domin ganin ruwa yakan sa zuciya ta yi gaggawa, hannu ya yi nauyi, a ɗaure har tuƙi ya yi tauri, kitsen da ke cikin igiyar ya matse ya fita, busasshen zare ya shiga cin ƙarfe. Gaskiya ne cewa sandar farfelar inji, da yake tana juyawa da gudu, ana barinta da 'yan ɗigo don ta sha sanyi, ita kuwa sandar juyi ana iya busar da ita sarai, amma da sharaɗin sitiyari ya ci gaba da juyawa da yatsu biyu. Idan sai an taurara tuƙi ruwa ke tsayawa, fakin ya mutu.

Sauya shi aiki ne na haƙuri, kuma an fi samun natsuwa in jirgi yana kan tudu, ko da yake gwanaye sukan yi shi a ruwa bayan sun kwashe kaya masu nauyi zuwa gaba don baya ya ɗaga. Ana zaro tsohon da wani ɗan ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, zobe bayan zobe, a kula kada a karce sandar, kuma a tabbata an kai ga na ƙarshe, wanda yakan daskare a ƙasa baƙi ƙirin har a ɗauka jikin tagullar ne. Sabuwar igiya tilas kaurinta ya dace da ratar da ke tsakanin sanda da ƙoƙo, galibi rubu'in inci ko kusa da haka. Ba a naɗa ta a dunƙule. Ana zagaya ta a jikin sandar a yanke zobe ɗaya da reza mai kaifi, yankan karkace yadda bakin biyu za su kwanta a kan juna, a shafa giris ɗin da ruwa ba ya wankewa, a tura shi har ƙasa, sannan na biyu da na uku, ana juya mahaɗin kowanne ya kauce wa na ɗan'uwansa da sulusin da'ira, don kada ruwa ya sami miƙaƙƙiyar hanya. Zoben roba mai leɓe kuwa ba ya karɓar ɗauri. In ya tsufa sai sabo, kuma sau da yawa sai an cire kayan tuƙin da ke saman sandar kafin ya shiga.

Akwai lokacin da za a yi duk wannan bisa ƙa'ida, bayan mako biyu ruwa ya dawo, kuma a nan ne ya wajaba a tuhumi sandar kanta. Idan sandar ta farin ƙarfen nan ce da ake cewa ba ya tsatsa, kariyarsa wata siririyar fata ce da iska ke sabunta masa, saboda haka a ƙarƙashin fakin, inda ruwan gishiri ke kwance iska ba ta kaiwa, yakan yi ƙananan ramuka masu zurfi waɗanda ke yaga duk abin da aka sa musu. Haka kuma idan boris ko bushin da ke riƙe da sandar ya ci, tana kai da komowa a kowace igiyar ruwa tana buɗa kafar. In jirgi yana kan tudu, a kama ƙasan allon da hannu biyu a girgiza. In an ji ƙwas-ƙwas, gyaran ya wuce na fakin, sai an sauke allon gaba ɗaya.

Hatsarin wannan wuri ba zato ba ne. Tun 2020 manyan dabbobin tekun nan da ake kira orka suke tunkarar ƙananan jirage a mashigin Jibralta da gaɓar Sifaniya da Fotugal, allon juyi suke nufa, kuma jirage da dama sun nutse bayan an fizgi allon ruwa ya kwararo ta baya. Huda mai faɗin inci ɗaya, ƙafa ɗaya ƙarƙashin ruwa, tana shigar da fiye da lita 40 a minti, abin da ƙaramin famfo ba zai daɗe yana ɗauka ba. Shi ya sa masu tsallaka manyan tekuna suke son jirgin da aka gina wa katanga tsakanin ɗakin sandar da sauran jirgi.

Bayan an gama sauya fakin, sabon yakan zauna cikin kwanakin farko, don haka a ɗaure shi da sauƙi, a yi tafiya biyu ko uku ana dubawa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya tsaya, sannan a danne ƙaramin notin da kyau. Ragowar igiyar da sifanun da suka dace da notin a ajiye su a wannan ƙurya, ɗaure da zare, inda hannu zai same su cikin duhu.