Kumburin Ciki da Murɗewar Tumbi a Jikin Kare

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin akuya ko tunkiya cikinta ya kumbura bayan ta ci ɗanyar ciyawar farkon damina. Kare ma cikinsa yakan kumbura, amma nasa ya fi haɗari, domin tumbinsa yana iya murɗewa.

A darasin kimiyya mun koyi cewa tumbi ba jaka ba ce kawai. Bangonsa tsoka ne, yana matsewa yana saki, a jikin kare kamar sau 4 ko 5 a minti ɗaya. Wannan motsin ne yake dama abinci ya tura shi cikin hanji. Tumbi yana da ƙofa biyu: ta sama inda abinci ke shiga kuma gyatsa ke fita, da ta ƙasa mai kaiwa hanji.

Idan motsin ya yi rauni, abinci yakan daɗe a tumbi, iska ta taru, ga kuma wadda karen ya haɗiya wajen cin abinci da garaje. Tumbin da ya cika ya yi nauyi yana iya juyawa, kamar yadda muke murɗe bakin leda mu rufe ta. Ƙofofin biyu sun toshe ke nan: ba gyatsa, ba amai, iska sai ƙaruwa. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne tumbin yana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, wani lokaci har saifa ta juya tare da shi. Karen zai iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Ciwon ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji, irin su Great Dane da German Shepherd da ake ajiyewa don gadi, musamman tsofaffi da waɗanda ake cika wa kwano sau ɗaya a rana. Gara a raba abincin gida biyu ko uku.

Idan muka ga kare yana ta yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, yana zubar da miyau, ya kasa zama wuri ɗaya, cikinsa ya yi tauri kamar ganga, kada mu jira gari ya waye, kada kuma mu ɗura masa jiƙo. Mu sanar da manya a kai shi wurin likitan dabbobi. Shi zai fitar da iskar, ya yi tiyata ya warware tumbin, sannan ya ɗinke shi a jikin bangon ciki don kada ya sake juyawa.