Tayar Hanya da Tayar Tsere

Kowa ya san mota. Muna shigarta mu tafi kasuwa, muna ɗora mata hatsi da dabbobi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke duban ƙafafunta kafin su shiga. Yau za mu yi magana a kan taya, da abin da ke sa ta kama ƙasa, da yadda ake zaɓenta.

Ku buɗe tafin hannunku ku duba. Wurin da tayar ƙaramar mota take taɓa ƙasa bai fi girman tafin hannun babban mutum da yawa ba. Mota tana da taya huɗu. Ashe ran direba da na fasinjoji duk a kan tafin hannu huɗu suke tafiya. In direba ya taka birki, taya ce ke tsai da motar. In ya juya sitiyari a kwana, taya ce ke riƙe ta kada ta faɗa rami. Kome ƙarfin inji, in taya ba ta kama ƙasa ba, aikin banza ne.

Da roba ake yin taya. Roba kuwa asalinta ƙaron wani itace ne, irin wanda ake shukawa a wajen Benin da Sapele. A da, roba takan narke da zafi, ta ƙage da sanyi. A shekarar 1839 wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, ya gano yadda ake dafa ta da farar wuta ta yi ƙarko. A 1888 kuma John Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast. Yanzu ana haɗa robar itace da robar da ake yi daga man fetur, a sa waya da zare a ciki.

To, ga abin da ya kamata mu riƙe. Roba mai taushi ta fi kama ƙasa, gama tana shiga cikin 'yan ramukan kwalta ta manne. Amma tana saurin cinyewa. Roba mai tauri takan daɗe, amma ba ta kama ƙasa kamar mai taushi. Ba a samun duka biyu a cike cikin taya guda. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Masu tseren motoci sun fi kowa sanin wannan. A ƙasashen Turai da wasu wurare akwai filayen tsere, kamar yadda muke da filin sukuwa. Babban tsere shi ne wanda ake kira Formula 1, kuma tun 2011 kamfanin Pirelli na ƙasar Italiya ne ke ba su taya. In rana ta fito, ƙasa ta bushe, suna sa taya sumul wadda ba ta da zane ko ɗaya, don dukan fuskar robar ta kwanta a kan kwalta. Suna da mai taushi, da matsakaiciya, da mai tauri. Irin wannan roba ba ta kama ƙasa sai ta yi zafi, shi ya sa ake lulluɓe ta da bargon lantarki kafin a fara. Kuma ba ta daɗewa. A tsakiyar tsere direba yakan tsaya, a canja masa taya huɗu cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Amma da zarar ruwan sama ya sauko, sai su cire sumul ɗin su sa mai zane. Me ya sa? Tsagin nan da muke gani a jikin taya magudanan ruwa ne. Su ne ke kore ruwa gefe, don roba ta taɓa kwalta. In babu su, ruwa yakan shiga tsakanin taya da hanya, mota ta riƙa sulɓewa kamar kwalekwale. A lokacin nan birki ba ya ci, sitiyari ba ya ji.

Kada wani ya ce, “Ai tayata da ta suɗe ta zama irin ta masu tsere.” A'a. Tayar tsere sabuwar roba ce mai taushi. Suɗaɗɗiyar taya kuwa tsohuwar roba ce da ta ƙare, saura kaɗan waya ta fito. A Ingila doka ta hana hawa ƙaramar mota in zurfin zanen tayarta bai kai milimita 1.6 ba.

Akwai kuma taya ta tsaka-tsaki, mai ɗan zane kaɗan. Masu motocin gudu a Turai da Amurka sukan saye ta don su hau titi da ita, su kuma shiga filin tsere ranar hutu. Tana kama busasshiyar kwalta ƙwarai. Amma tana da tsada, tana saurin cinyewa, ba ta son ruwa kwance, ba ta son duwatsu da ramuka. Mai bin hanyar ƙauye da damina ba shi da amfani da ita. Abin da ya dace da shi taya ce mai zurfin zane da ƙarfin gefe.

Yanzu bari mu karanta jikin taya, gama kome a rubuce yake. Za mu ga lambobi kamar haka: 225/45 R17 94W. Lamba 225 faɗin taya ce da milimita. Lamba 17 girman garen da za a sa ta ne, da inci. Lamba 94 tana nuna nauyin da za ta iya ɗauka. Harafin ƙarshe kuma iyakar gudunta ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Wannan ba izinin gudu ba ne. Yana nuna ƙarfin taya ne kawai.

Sai mu nemi haruffan DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In mun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta tsattsage. Mu lura da wannan in za mu sayi tayar gwanjo. In kuma mun ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, an yi ta ne don ƙasashen sanyi. Zafin kwaltarmu zai cinye ta da wuri.

Abu na ƙarshe shi ne iska. Mu kai wa mai faci ya auna da ma'auni da safe, kafin taya ta yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Taya mai ƙarancin iska takan yi zafi, in kuma lodi ya yi yawa sai ta fashe. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wace roba ce ta fi kama ƙasa, kuma mene ne aibinta?
2. Mene ne amfanin zanen taya?
3. In mun ga 0821 bayan haruffan DOT, yaushe aka yi tayar?